Daɓen Mai Awo

A garejin nan Mai Awo ake ce masa, kuma sunan bai ɓata ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aiki ɗaya tak, daidaita tsayuwar mota. Idan jif ta sha hanyar duwatsu har ta fara jingina gefe guda, ko gabanta ya duƙa kamar mai neman allura a ƙasa, ko bayanta ya zauna, wurinsa ake kawo ta. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wayoyin wuta. Ƙafar mota kaɗai ya sani, kuma ba a makaranta ya koye ta ba. A ƙarƙashin motocin mutane ya koya, bayansa a ƙasa, tsatsa na zuba masa a ido.

Shi ya kafa garejin, amma yanzu babban ɗansa ke riƙe da shi. Ma'aikata suna ce wa ɗan Manaja. Uban ma haka yake ce masa, sai dai a bakinsa sunan ba ya fita da daɗi. Rumfa shida ce a wurin. Biyar na Manaja ne da mutanensa. Ɗaya, ta can ƙurya jikin katanga, ita ta rage wa tsohon.

Kayan rumfar ba su da yawa: jak biyu, akwatin sifanu, maƙera, buhun yashi, da tef ɗin awo wanda lambobinsa na farko suka goge. Abin alfaharinsa daɓen ne. Da hannunsa ya zuba simintin a shekarar da aka yaye Manaja, ya yi ta gogarsa har ya kwanta sumul. Ya ja layi biyu da jan fenti inda tayoyi za su bi, ya kafa ɗan ƙarfe a ƙarshensu inda tayoyin baya za su tokare. Duk motar da ya auna tun daga ranar, a nan ya auna ta. Yakan ce mota tana ƙarya, direba yana ƙarya, amma daɓensa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Tsarin aikinsa ba ya canzawa. Zai sa a daidaita iskar tayoyi huɗu. Zai ɗora buhun yashi a kujerar direba, don mota ba ta tafiya ba kowa a ciki. Zai danna kowace kusurwa da ƙirjinsa sau uku, ta yi tsalle ta zauna. Sannan ya durƙusa ya auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen madigadi, ya rubuta da alli a bango. Idan na hagu ya zo daidai da na dama, gaba da baya, mota ta fita. Idan bai zo ba, ko mai ita zai yi kuka ba ta fita.

A cikin shekara guda mota uku suka dawo. Duka ukun sun bar rumfarsa lambobinsu daidai, duka ukun sun dawo masu su na cewa a karkace suke. Ta farko Mai Awo ya ce direban ne ke lafta mata kaya. Ta biyu ya ce sifirin ɗin da aka sayo, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, jabu ne. Ta uku bai ce komai ba, ya dai yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa. Ma'aikata suka yanke hukunci a bayan idonsa cewa ganin tsoho ya tafi. Shi ma ya fara zargin haka, har ya je a ɓoye aka yanka masa tabarau. Mutum ya gwammace ya zargi idon da Allah ya ba shi da ya zargi abin da ya gina da hannunsa. Wannan ba tawali'u ba ne. Girman kai ne ya sake riga.

Ranar wata Litinin direban masu haƙa rijiyar burtsatse ya kawo jif ɗinsu. Kan Dutse ake ce masa, saboda ba a taɓa jin ya ba da labarin hanya mai kwalta ba. Motar tsohuwa ce, fara, tayoyinta masu manyan haƙora, kuma tun daga bakin ƙofa Mai Awo ya ga bayanta na hagu ya zauna. A ransa ya ce inci ɗaya ne. Kan Dutse ya yi bayanin cewa a gangare sai ka ji kamar za ta kwanta, injiniyoyin da yake ɗauka duk sun koyi addu'ar da ba su iya ba da. Kamfanin yana da wasu motoci huɗu, kuma duk a garejin ake yi musu aiki.

Manaja ya roƙi uban ya shigo ofis. Ya rufe ƙofa, bai zauna ba sai da tsohon ya zauna. Ya fara da tambayar ciwon baya, ya bi da zancen cewa kowane ɗan Adam yana da lokacin hutu, ya yi ta kewaye har uban ya ce masa ya faɗi abin da ya kira shi ya faɗa.

"Baba, wannan ce ta ƙarshe," in ji Manaja. "In ta fita ta zauna lafiya, rumfa taka ce, ba mai sake ɗaga maganar. In ta dawo, na'urar awo zan sa a wurin, kai kuma ka huta."

"Na'urar ta san nauyin direba?"

"Ba a dawo mata da aiki, Baba."

Tsohon ya ce to, Manaja, ya tashi ya fita.

Aka tura jif ɗin kan jan layi har tayoyin baya suka tokare. Yana cikin ɗora buhun yashi sai ga Tartsatsi mai walda ya leƙo. Ƙanin matarsa ne, shi ma ya ba hamsin baya, kuma shi kaɗai ne a garejin yake iya tsokanar Mai Awo ya kwana lafiya.

"Yaya, an ce yau jarrabawa kake rubutawa. In kawo maka satar amsa?"

"Je ka ƙona abin da aka ba ka ka ƙona."

Tartsatsi ya tsaya kamar zai ƙara wata magana. Ya dubi motar, ya dubi ƙasa, sannan ya sa tabaransa na walda ya wuce.

Mai Awo ya durƙusa ya auna. Tef ya ce bayan hagu ya gaza na dama da inci biyu. Ya sake aunawa, inci biyu. A bakin ƙofa idonsa ya ce ɗaya, ga tef ya ce biyu. Bai yi dogon tunani ba. Ya ɗauka wannan shi ne shaidar cewa idon ya tafi da gaske, ya gode wa Allah da ya bar masa tef da daɓe, ya rubuta biyu a bango.

Ya ɗaga bayan motar, ya kwance sifirin ɗin hagu, ya warware ganyayensa na ƙarfe ya jera a ƙasa. Ɗaya ya tsage, ya sake shi. Sauran ya ɗora su a maƙera ɗaya bayan ɗaya yana bugu da guduma, yana mayar musu da lanƙwasar da hanya ta cinye. Aiki ne da ba kowa ya iya ba yanzu. Bugu ɗaya ya yi yawa ganye ya lalace, ya yi kaɗan ka yi aikin banza. Ya haɗa, ya ɗaura, ya sauke motar, ya danna ta sau uku, ya auna. Saura inci ɗaya. A da, bugu irin wanda ya yi ya isa ya tayar da mota, kuma hannunsa ya gaya masa haka. Bai saurari hannun ba. Washegari ya sake kwance sifirin ɗin, ya ƙara masa lanƙwasa.

Gaban motar kuwa a kan sandunan ƙarfe biyu yake, kowace da notinta. In ka ɗaure noti gefen ya ɗaga, in ka sassauta ya sauka. Ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya ɗaure na dama, ya fito ya auna, ya koma ya sassauta na hagu, ya fito ya auna. Ya shiga ya fita fiye da sau ashirin a yini guda, kuma kowace fita sai ya dafa taya kafin ya miƙe.

A gida matarsa ta shafa masa man zafi a baya tana faɗa. Ta ce yaron nan ba maƙiyinsa ba ne, daga cikinta ya fito, kuma babu abin kunya a ce mutum ya yi aiki har ɗansa ya karɓe shi. Ta ce abokansa duk sun zauna, ba wanda ya mutu don zama. Ya ce mata su da suka zauna ba su da abin da za su tsaya a kai ne. Ta ce to, ya ci gaba da tsayuwa, ita dai man ya kusa ƙarewa.

Ranar Alhamis da hantsi lambobin suka zo daidai. Mai Awo ya aika aka kira Manaja, ya miƙa masa tef, ya ce ya karanta da idonsa na makaranta. Manaja ya durƙusa da wandonsa mai guga, ya auna kusurwa huɗu, ya gyaɗa kai. A fuskarsa an ga ya ji daɗi, domin ba ya son ranar da zai cika maganar da ya yi. Kan Dutse ya karɓi makulli yana ta godiya. Da motar ta ƙetare ƙofa, Mai Awo ya bi bayanta da kallo, ya ga kamar ta ɗan sunkuya dama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Kafin ya mayar ta sha kwana.

Ranar Talata ta dawo.

Kan Dutse bai yi hayaniya ba. Ya zo har rumfar ya gaida tsohon yadda ya saba, sannan ya ce, "Baba, da can hagu take jingina, na saba da ita, na san yadda nake lallaɓa ta. Yanzu dama take yi, sitiyari kuma yana ja kamar akuyar da za a kai kasuwa." Ya ce jiya a wani gangare tayar gaba ta bar ƙasa, injiniyoyi suka sauka suka ƙarasa da ƙafa, kuma ogansu ya ce in ba a gyara yau ba kada a sake kawo motar kamfani garejin.

Manaja ya sa aka tsayar da ita a sabon daɓen gaban ofis. Gajere, babban makanikinsa, ya auna a gaban kowa. Bayan hagu ya ɗara na dama da inci guda, gaban ma a murɗe yake. Mai Awo ya ce wannan daɓen 'yan kwangila ne, ba a auna mota a kai. A kai ta rumfarsa. Manaja ya so ya hana, amma ya ga mutane sun taru, ya ce a tura.

Aka tura ta har ta tokare. Tsohon ya ɗora buhun yashi, ya danna kusurwa huɗu, ya miƙa wa Gajere tef. Gajere ya auna, ya sake aunawa, ya ɗago ya ce daidai take.

"To ga shi nan," in ji Mai Awo. Ya dubi ɗansa, ya dubi Kan Dutse, ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. Rabonsa da tsayuwa a miƙe haka an daɗe.

Sai Tartsatsi ya ratso mutane, ba dariya a fuskarsa. Ya zaro ɗan ƙwallon ƙarfe na tsohon boris daga aljihu, ya durƙusa ya ajiye shi a kan jan layin dama, ya ɗauke hannu. Ƙwallon ya tsaya kamar yana shawara. Sannan ya fara gangarawa a hankali, ya ƙara sauri, ya je ya daki tayar baya ta dama ya kwanta a gindinta.

Aka fitar da motar. Aka kawo dogon ƙarfe miƙaƙƙe aka shimfiɗa a kan layin. A kusurwar baya ta dama, jikin katanga, yatsun Gajere biyu suka shige tsakanin ƙarfe da siminti. Daɓen ya nutse a wurin, ba tsaga, ba alama. Duk motar da ta hau, tayarta ta dama tana faɗawa kwari, sai tef ya nuna dama ta yi tsawo, hagu ta gaza. Shi kuma sai ya yi ta ɗaga hagu. Mota ba ta miƙewa a rumfarsa sai ya karkatar da ita.

Tartsatsi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, shekara biyu ke nan da ya gaya wa Yaya ruwa na kwanciya a kusurwar nan. Kowa ya tuna. Ranar tsohon ya ce masa wutar walda ta ƙona masa ƙwaƙwalwa tare da ido, ya yi wata guda ba ya kula shi. Tun daga nan Tartsatsi ya kama bakinsa. Kada a yabe shi. Yana gani mota uku suka dawo, yana gani aka ɗora ta huɗu, ya yi shiru don gudun faɗa. Ƙwallon da ya ajiye ranar Talata yana da shi tun ranar Litinin ɗin farko. Wanda ya san gaskiya ya riƙe ta har ta daina amfani, shi ma da hannunsa a ɓarnar.

Mai Awo ya bi ɗansa ofis. Wannan karon shi ya rufe ƙofa, kuma bai zauna ba.

"Ka ga ba idona ba ne."

"Na gani, Baba."

Ya roƙi a ba shi daɓen gaban ofis na awa biyu. Ya ce ya san bugun da ya ƙara, ya san zagaye nawa ya yi wa kowane noti, zai mayar da ita daidai kafin la'asar. Bai taɓa roƙon ɗansa komai ba sai ranar. Manaja ya ce Gajere ya riga ya shiga ƙarƙashinta, kuma sabon sifirin za a sa, don wanda aka buga sau biyu ba a amince masa a kan dutse. Tsohon ya ce to a fasa daɓen a sake zubawa, shi zai tsaya a kai. Manaja ya juya biro a hannu.

"Direban mota ta farko," ya ce, "wanda ka ce yana lafta kaya. Ka san an sallame shi? A kan maganarka aka sallame shi. Da idonka ne, Baba, da na ce tsufa ne, ba laifin kowa. Amma an gaya maka."

"Ni na haife ka."

"Shi ya sa na jira har mota huɗu."

Tsohon ya buɗe ƙofa ya fita. Kafin la'asar Gajere ya gama, jif ta tsaya a miƙe. Kan Dutse ya leƙo rumfar ya ce Baba a yi haƙuri, ya ƙara da cewa ko a karkacen ma bayanta bai taɓa laushi irin na makon nan ba. Mai Awo bai ɗago ba. Yana goge sifanu yana jerawa a akwati, ƙanana a gaba, manya a baya.

Ranar Asabar magina suka zo da manyan guduma. Da suka fasa kusurwar sai suka tarar ƙarƙashinta rami ne. Bututun wurin wankin mota, wanda Manaja ya gina a bayan katanga shekara uku da suka wuce, shi ke yoyo, ruwan yana cin ƙasa a hankali. Tartsatsi ya garzaya gida ya gaya wa Yaya. Tsohon ya sa takalmi ya zo da saurinsa, ya tsaya a bakin ramin, ya sa aka kira Manaja ya nuna masa. Manaja ya duba, ya ce gaskiya ne, laifin bututunsa ne, za a gyara shi yau. Sannan ya juya ya ci gaba da nuna wa magina inda ƙafafun na'ura za su zauna. Tsohon ya daɗe a tsaye yana jiran sauran maganar. Babu saura. Ruwan ɗa ne ya ci ƙasa, amma ba ruwa ne ya hana uba ɗora ƙarfe a kan daɓensa ko sau ɗaya cikin shekara talatin ba.

Tsohon ya tambayi inda direban da aka sallama yake. Wani ya ce ya bar garin, wani ya ce an gan shi yana dako a tasha. Ya je tashar sau biyu, ba wanda ya san shi.

Sati uku ya yi a gida. Matarsa ta gaji da ganinsa yana bin ta daga ɗaki zuwa tsakar gida yana gyara abin da bai lalace ba, ta je da kanta ta sami ɗanta. Manaja ya sa aka ajiye kujerar roba a inuwar bakin ƙofar gareji, ya ce Baba ya riƙa zuwa yana sa albarka. Kowa ya zaci zai ƙi. Ya zo. Yakan iso tun kafin a buɗe, ya zauna, direbobi su ce sannu Baba su wuce ciki.

Wata safiya wata baƙar jif ta tsaya a gabansa tana jiran a matsar da wata mota daga hanya. Direban ya sauke gilashi ya gaishe shi, ya ce an gaya masa tsohon nan daga kallo yake gane ciwon mota, ko zai duba masa wannan kafin ya shiga. Mai Awo ya miƙe, ya zagaya bayanta. Ya ga kamar ta kwanta hagu, wajen rabin inci. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya dubi ƙasar da take tsaye a kai. Ya sake duban motar, ya sake duban ƙasar.

"Shiga da ita ciki," ya ce. "Za su gaya maka."